Dr. Jeanette Troup: Likitar Jankwano Da Zazzaɓin Lassa

A maƙabartar 'yan mishan da ke Miango, kusa da Jos, akwai kabarin Dr. Jeanette Troup, 'yar mishan SIM daga Akron a ƙasar Amurka. Ta yi shekaru tana aikin likita a Jos, a Asibitin Bingham da kuma Asibitin Evangel, wanda jama'a suka fi sani da Jankwano. Tana cikin likitoci na fari da suka yi fama da zazzaɓin Lassa tun ba a raɗa masa suna ba.

A watan Janairu na 1969 aka kawo mata Laura Wine cikin jirgin sama daga asibitin mishan na Lassa, a ƙasar Margi. Wannan dattijuwar nas ta zo da zazzaɓi mai zafi da gyambo a maƙogwaro, kuma babu maganin da ya yi mata aiki. Kashegari ta rasu. Charlotte Shaw, nas da ta yi jinyarta, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu. Dr. Troup ta binciki gawarta tare da wata nas, Lily Pinneo, wadda ita ma ta kwanta ba da jimawa ba. Aka kai Pinneo birnin Niyok, ta sha wuya ƙwarai, amma ta warke.

Dr. Troup ta rubuta dukan abin da ta gani dalla-dalla, ta adana jinin majinyatan. Daga wannan jini ne masana a Jami'ar Yale suka ware wata ƙwayar cuta da ba a taɓa sani ba, aka kira ta da sunan garin Lassa.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla, wannan karo a Jankwano. Fiye da mutum 20 suka kamu, majinyata da ma'aikata da masu zuwa dubiya, kusan rabinsu suka rasu. Dr. Troup ta san haɗarin sarai, gama ta ga mutuwar abokan aikinta, duk da haka ta binciki gawar waɗanda suka rasu domin ta tabbatar ko cutar bara ce ta komo. Tana cikin wannan aiki wuƙa ta yanke ta a yatsa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama ta. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta, wanda ake sa zuciya zai taimaka, amma kafin ta iso Ubangiji ya riga ya kira baiwarsa gida, ran 18 ga Fabrairu, 1970.

Aikin da ta fara bai tsaya ba. A 1972 masu bincike a Saliyo suka kama ɓeraye a ƙauyuka, suka gane cewa wani ɓera mai nonuwa da yawa shi ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zuba ta cikin abinci ta fitsari da kashi. Daga baya masana suka iya karanta tsarin halittar ƙwayar, suna bin sauye-sauyenta kamar yadda ake bin salsalar iyali. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa cutar da aka ɗauka sabuwa ce ta fi shekara 1,000 a ƙasar da ake kira Nijeriya a yau, daga nan ta bazu yamma har Gini, Laberiya da Saliyo. Ta rabu dangi-dangi: wadda aka samu a jinin Pinneo ita ce dangi na fari, akwai na kudancin Nijeriya, akwai kuma na tsakiya da arewa.

Da cutar ta tsananta a 2018, musamman a jihohin Edo, Ondo da Ebonyi, an ji tsoron ko sabuwar iri ce ta fito. Bincike ya nuna tsofaffin dangin ne, kuma yawancin mutane daga ɓera suka kamu. Amma a asibiti jinin majinyaci yana iya kashe mai jinya, kamar yadda ya faru da Dr. Troup, kuma likitoci da nas-nas na Nijeriya da dama sun rasu ta wannan hanya a bayanta. Saboda haka rufe abinci, korar ɓera daga gida da rumbu, gaggauta kai mai zazzaɓi asibiti, da ba ma'aikatan jinya safar hannu da sauran kayan kariya, su ne girmamawar da ta fi dacewa da wannan baiwar Allah.