Marigayi Janar Hassan Usman Katsina (1933–1995)

Mu da ke zaune a Kambarawa da sauran unguwannin birnin Katsina mun saba jin sunan Hassan Usman Katsina saboda babbar makarantar koyon fasaha da ke kan hanyar Dutsin-Ma. Amma ɗalibanmu da yawa ba su san mai sunan ba. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi a Katsina ran 31 ga Maris 1933. Ɗa ne ga Sarkin Katsina Usman Nagogo, jika ga Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi Midil ta Katsina, sa'an nan ya tafi makarantar da yanzu ake kira Kwalejin Barewa. A 1956 ya shiga aikin soja, a lokacin da 'ya'yan manya kaɗan ne suke sha'awar kaki. Ya sami horo a Gana da Sandhurst ta Ingila, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Ran 15 ga Janairu 1966 aka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Janar Ironsi ya naɗa Hassan Gwamnan Jihar Arewa yana da shekara 32 kawai. Kaya ne mai nauyi, gama zukata sun ɓaci. A cikin shekarar nan aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, abin baƙin ciki da bai kamata mu ɓoye wa yaranmu ba. Hassan ya yi ta zagawa yana kiran jama'a su kwantar da hankali. Da sojoji suka yi tawaye a Kano a watan Oktoba, shi da kansa ya je ya fuskance su. Ya halarci taron sulhu na Aburi a Janairu 1967, amma sulhun bai ɗore ba.

Da aka raba Arewa zuwa jihohi 6 a Mayu 1967, kujerarsa ta gwamna ta ƙare, ya kuwa goyi bayan rabon. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa, ya riƙe har 1971. Kafin yaƙin sojojin Nijeriya wajen 10,000 ne. Da aka gama a Janairu 1970 sun kai kimanin 250,000. Kowane ɗaya yana bukatar albashi, abinci, takalmi da wurin kwana, barikoki kuma ba su isa ba. Ta haka tsaro ya riƙa cin babban kaso na kuɗin gwamnati shekaru bayan an ajiye bindiga, kuɗin da za su iya gina azuzuwa da asibitoci. Wannan ne ya sa gwamnatocin da suka biyo baya suka yi ta faman rage yawan soja.

Ya bar aiki a 1975 bayan an kifar da gwamnatin Gowon. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya kuma yi suna a wasan folo kamar mahaifinsa. Ya rasu ran 24 ga Yuli 1995.

Ya ku ɗalibai, waɗansunku za su sa kaki wata rana, waɗansu kuma za su riƙe baitulmali. Ku tuna cewa yaƙin wata talatin ya bar wa ƙasa ɗawainiya ta shekaru masu yawa, ban da rayukan da ba su dawowa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.