Nana Asma'u ɗiyar Shehu (1793-1864): malamar da ta yi wa matattu waƙa

Cikin malaman da ƙasashen Hausa sunka yi a ƙarni na 19, kaɗan ne sunka yi wa matattu waƙa kamar Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ta rayu shekara saba'in da ɗoriya, ta ga rasuwar iyayenta da mijinta da mafi yawan ƴan uwanta, kuma da yawa daga cikinsu ta bi su da baitoci. Wanda ya duba waƙoƙin nan zai ga yadda malama guda ta fahimci mutuwa, da abin da take ganin ɗan Adam yana iya yi a gabanta.

An haifi Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Mahaifinta kuwa an haife shi a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a shekara ta 1754. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hasan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu suna ƙanana, sai sauran matan Shehu sunka ɗauki renonsu. A gidan nan ta yi karatun allo da na ilimi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, harsuna ukun da ta yi rubutu da su daga baya.

Tana da kamar shekara 11 sa'ad da rigima ta ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin watan Fabrairu na 1804 anka yi hijira zuwa Gudu. Jama'a ta ci nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin ƙarshen shekara ta sha kashi a Tsuntsuwa. Littattafan tarihin Sakkwato sun ce mutum wajen 2000 sunka kwanta a wurin, 200 daga cikinsu mahardatan Alƙur'ani. Bayan wannan ga yunwa, ga ciwo, ga ƙaura daga sansani zuwa sansani. Yarinyar ta tashi tana ganin gawa da zawarawa da marayu tun ba ta isa aure ba.

A shekara ta 1807 anka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afirilu na 1817, kuma kafin shekarar ta fita Hasan ma ya bi shi. Tana da shekara 24 ta rasa uba da abokin tagwaicinta.

Marsiyya

Waƙar kukan mamaci, wadda malamai ke kira marsiyya, tsohon abu ne a adabin Larabawa. Tun zamanin jahiliyya Hansa'u ta yi suna da kukan ɗan uwanta Sakhru. Malaman ƙasar Hausa sun gaji wannan hanya, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo, baffan Asma'u, ya yi wa abokansa marsiyyoyi da Larabci. Asma'u ta yi wasu da Larabci, amma mafi yawa da Fulatanci ta tsara su, harshen cikin gida, wanda mata da bara ke ji.

Tsarin waƙoƙin nata ba ya canzawa sosai. Takan fara da sunan Allah da salati ga Annabi. Sai ta faɗi baƙin cikinta a fili, ba ɓoyewa. Sai ta jera halayen mamacin ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa masa gafara da hasken kabari da haɗuwa da Shehu a Aljanna. Sau da yawa takan rufe da ramzi, watau kalma wadda in an lissafa haruffanta za ta ba da shekarar da anka yi waƙar. Ta haka masu bincike sunka san lokacin da yawancin waƙoƙin sunka fito.

Ta yi wa Abdullahi marsiyya bayan rasuwarsa a Gwandu a 1829. Ta yi wa wanta Buhari, wanda ya zauna Tambuwal. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Amma wadda ta fi shahara ita ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Bello mayaƙi ne, ya yi shekara 20 bisa sarauta, kusan kowane rani da yaƙinsa. Duk da haka abin da ƙanwarsa ta lissafa masa shi ne iliminsa, da kyautarsa, da karɓar baƙi, da taimakon mai rauni, da yadda yake warware mata matsalolin karatu. Makaɗin fada da ya sami irin wannan sarki da takobi da dawaki zai cika waƙarsa. Ita kuwa ta auna shi da abin da zai amfane shi cikin kabari.

Sa'ad da aminiyarta A'isha, matar Bello, ta rasu, wajen shekara ta 1855, Asma'u ta yi mata kuka da Larabci. A nan ta taɓo wata tambaya da ke damun kowane mai imani da ya yi rashi: ko zubar da hawaye rashin yarda ne da ƙaddara? Amsarta ita ce Annabi bai hana hawayen tausayi ba, abin da ya hana shi ne kururuwa da ihu. Da wannan ta ba matan da ke zaman makoki izinin baƙin cikinsu, ta kuma nuna musu iyakarsa.

Wani abin lura shi ne ba manya kaɗai ta yi wa waƙa ba. Akwai marsiyyar Halima, maƙwabciyarta, mace mai zaman lafiya da mutane da riƙon zumunci. Akwai ta Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, tana wankan gawa ba tare da ƙyama ba, tana koya wa jahilai addini. Akwai ta Hauwa'u, ɗaya daga cikin shugabannin matan da ke kawo ɗalibai wurinta daga ƙauyuka. Littattafan tarihi na zamanin sarakuna da alƙalai da jarumai sunka kula da su. Ba don waƙoƙin Asma'u ba, da yau ba wanda ya san an taɓa yin waɗannan mata. Kuma ma'aunin da ta auna Sarkin Musulmi da shi, da shi ta auna mai wankan gawa: me ya yi wa mutane, yaya halinsa yake.

Wa'azi da magani

Ban da kukan waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, Asma'u ta yi wa rayayyu gargaɗi. A 1831 ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙa mai tsoratar da azzalumin sarki da alƙali mai cin hanci da ɗan kasuwa mai tauye mudu. Ta kuma tsara nata waƙoƙin bisa alamomin tashin ƙiyama da tsayuwar hisabi. Cikin irin waɗannan waƙoƙin wa'azi mutuwa ƙofa ce wadda kowa zai shiga shi kaɗai, ba dangi, ba dukiya, ba sarauta. Ana bayyana ƙuncin kabari da tambayar mala'iku da zafin wuta dalla-dalla, don mai saurare ya farka tun yana da sauran numfashi.

Amma yarda da cewa mutuwa rigar kowa ce bai sa ta naɗe hannu gaban ciwo ba. A 1839 ta rubuta littafi da Larabci mai suna Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara abin da anka ruwaito bisa fa'idar surorin Alƙur'ani wajen neman sauƙin cuta, da sauƙin haihuwa, da tsari daga masifa. Bello ma ya yi rubuce-rubuce bisa magani, har da na ciwon ido da na basir. A wurinsu ajali ba shi da magani, amma ciwon da ba na ajali ba wajibi ne a nema masa. A zamanin nan mata da yawa bori suke nufa in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma littafin nata wata hanya ce da ta so ta ba su maimakonsa.

Gawakuke

Akwai wani gefe na waƙoƙinta da mutanen ƙasar Maraɗi ba za su karanta da ido ɗaya da Sakkwatawa ba. Bayan jihadi, Katsinawan da sunka ƙi bin Sakkwato sun kafa mulkinsu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma ƙasar Tasawa, inda Kona take, tana cikin yankin da sarakunan Maraɗi ke iko da shi. A 1836 rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye ta gamu da ta Bello a Gawakuke, cikin Gobir Tudu. Bello ya yi rinjaye. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duka sun faɗi a fagen, tare da mutane masu ɗimbin yawa. Gobirawan da sunka tsira sun kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi.

Asma'u ta yi waƙa bisa wannan yaƙi, kuma waƙar murna ce da godiya ga Allah. Matar da ta san zafin rashi fiye da yawancin mutane ba ta yi wa matattun ɗaya ɓangaren kuka ba, domin a idonta abokan gaba ne. Su ma sun bar zawarawa da marayu a Maraɗi da Gobir, amma kukansu bai shiga takardunta ba. Sunayen sarakunansu a bakin maroƙa da makaɗa da masu ba da tarihin fada sunka wanzu. Wanda ke son cikakken labarin mutuwa a wancan zamani sai ya saurari bakin nan biyu.

Ƴan taru da ƙarshen rayuwarta

Tun wajen 1840 Asma'u ta shirya hanyar karantar da matan karkara. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar aikinta. Jaji takan jawo ayarin mata daga ƙauyensu zuwa wurin malama, su hardace waƙoƙi, su koma gida su koya wa wasu. Su ne ake kira ƴan taru. Cikin abin da suke koyo akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jera sunayen salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa matan jama'ar Shehu. Ban da karatu, ƴan taru suna jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata.

Asma'u ta rasu a Sakkwato a 1864, anka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon ƴan taru, ƙanensu Isa kuwa ya mai da wasu waƙoƙinta zuwa Hausa. Takardunta sun zauna hannun gidan Waziri har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta. Daga wurinsa Jean Boyd ta sami yawancinsu, kuma a 1997 ita da Beverly Mack sunka buga su cikin kundi guda mai ɗauke da ayyuka wajen 60. A cikinsa sunan Halima da na Zaharatu da na Hauwa'u suna nan jere da na Sarkin Musulmi Bello, fiye da shekara 160 bayan rasuwar wadda ta rubuta su.