Waliyyi Dominik na La Calzada, Mai Gyaran Hanyar Masu Ziyara

A ƙasar Sifen akwai wata tsohuwar hanya da Kiristoci suka shafe shekara fiye da dubu suna bi da ƙafa zuwa birnin Santiago de Compostela, inda al'adar Ikilisiya ta ce kabarin Manzo Yakubu yake. Daga kan iyakar Faransa, tsawonta ya kusa kilomita 800. Cikin waɗanda suka sa hanyar ta biyu, babu kamar Waliyyi Dominik.

An haife shi wajen shekarar 1019 a ƙauyen Viloria. Tun yana saurayi ya ƙudurta zama ɗan zuhudu. Ya nemi shiga gidan zuhudu na Valvanera, aka ƙi shi. Ya tafi na San Millán, nan ma ba a karɓe shi ba. Maimakon ya yi fushi da Allah, sai ya shiga kurmin da ke bakin kogin Oja, ya zauna shi kaɗai yana addu'a.

A can ya ga wahalar masu ziyara. Mutanenmu na Katanga, Jega, Aliero da Maiyama ba sa bukatar dogon bayani kan wannan, domin kakanninsu sun ga fataken goro da ke bi ta Jega zuwa Gwanja, sun san abin da kogi yake yi wa matafiyi da damina, da kuma darajar zango ga wanda dare ya riska. Haka masu zuwa Santiago suke: kurmi ya tare su, 'yan fashi na fakonsu, kogi kuma ba gada.

Dominik ya ɗauki wannan a matsayin kiransa. Ya taimaki Bishop Gregori na Ostia suka kafa gadar katako. Bayan rasuwar Gregori a 1044, ya sare kurmin, ya shimfiɗa hanyar duwatsu tsakanin Nájera da Redecilla, ya sāke gadar da dutse, sa'an nan ya gina masauki inda ake ciyar da baƙi, ana jinyar marasa lafiya. Sarki Alfonso na 6, wanda ya karɓi yankin a 1076, ya tallafa masa. Dominik ya rasu ran 12 ga Mayu, 1109, yana da shekara kimanin 90. Almajirinsa, Waliyyi Yohanna na Ortega, ya ci gaba da aikin gadoji.

Garin da ya tsiro kewaye da kabarinsa shi ne Santo Domingo de la Calzada, wato Waliyyi Dominik na shimfiɗaɗɗiyar hanya. A babbar majami'ar garin ana kiwon farin zakara da kaza masu rai. Hikaya ta ce an rataye wani saurayi mai ziyara bisa ƙazafin sata, amma ya rayu ta wurin roƙon waliyyin. Da alƙali ya ƙi gaskatawa, sai gasassun kajin da ke gabansa suka tashi, zakaran ya yi cara. Labarin yana tuna wa kowa alhakin baƙon da ba shi da mai tsaya masa.

Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ziyarci Santiago a 1982 da 1989, kuma a 1993 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin kayan gādon duniya. Injiniyoyin hanya na Sifen sun riƙe Dominik a matsayin waliyyinsu.

'Yan'uwa, mutumin da aka rufe wa ƙofa har sau biyu, shi ne ya buɗe wa dubbai hanya. Wanda ya nemi zama Fada ko Sista bai samu ba, kada ya ce Allah ya yashe shi. Mai cike ramin hanya, mai tsallakar da mutane a kwalekwale, da mai ba baƙo ruwa, duka suna da rabo a wannan hidima. Waliyyi Dominik, ka yi addu'a dominmu.