Malam Aminu Kano: Sakataren zauren muhawara da tambayarsa ta tashi taro

A shekarar 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa a garin Bauchi mai suna Bauchi Discussion Circle. Duk mako ake zama. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e su hallara, a gayyato Turawan mulki da shugabannin ma'aikatu, kowa ya yi bayani a kan fanninsa, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Mai rubuta takardun gayyata wani matashin malami ne ɗan Kano da bai wuce shekara 23 ba, Aminu ɗan Malam Yusuf.

Zauren bai yi tsawon rai ba. Sai dai duk mai son sanin inda Malam Aminu Kano ya koyi tsayawa gaban manya ya yi musu tambayar da ba su shirya mata ba, to daga nan zai fara.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai da alƙalai ne na Gyanawa. Mahaifinsa ya yi aikin mufti a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuma ita ta fara ɗora shi a kan karatun allo. Ya yi firamaren Shahuci da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa, ya gama a 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi.

A Bauchi ya tarar da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta. Na farko Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a makarantar, mai sanyin hali da taka-tsantsan. Na biyu Sa'adu Zungur, wanda ya yi karatu a Yaba ta Legas, ya koyar da ilimin kiwon lafiya, rashin lafiya ta dawo da shi gida, amma harshensa da alƙalaminsa ba su yi sanyi ba. Aminu ya fi karkata wajen Zungur.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma koke-koken matasan 'yan boko na Arewa sun fara bayyana a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Wannan ya dami hukuma. Babban Di'o na Bauchi, Bature A. J. Knott, ya ga gara a ba waɗannan samari wurin da za su fito da abin da ke cikinsu a gaban idon hukuma, da a bar su suna aika shi Legas. Da yardar Razdan aka kafa zauren, aka ba Aminu sakatare.

An tattauna batutuwa irin su lafiya da tattalin arziki da addini da dimokuraɗiyya. Ga mutanen da suka saba ganin Bature daga nesa, suna zubewa in ya zo wucewa, zama da shi a ɗaki guda ana musayar hujja ba ƙaramin abu ba ne. Aminu kuwa bai ɗauki aikin sakatare a matsayin rarraba takarda kawai ba. Shi da Zungur suka riƙa tura zancen zuwa inda ake gudu, wato tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda Turawa ke taƙama da shi tun zamanin Lugga. Ɓalewa na ganin a gyara tsarin sannu a hankali. Su biyun na ganin ginin ne ya ruɓe.

Tarihin rayuwarsa ya kawo zaman da ya kawo ƙarshen tafiyar. Aminu ya nemi a faɗa masa ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Knott ya amsa da cewa ana duba girman aiki da nauyin da ke kan sarkin. Aminu ya kawo misalin bambancin albashin Lamiɗon Adamawa da na Sarkin Bauchi, ya nemi a daidaita masa wannan da amsar da aka ba shi. Nan take aka tashi taron. Ba a jima ba aka rufe zauren baki ɗaya, aka maye gurbinsa da wata cibiya da ba ta da haƙora.

Tambayar ba ta da zagi ko ɗaya, kuma wannan ne ya sa ta yi zafi. Albashin sarki daga baitulmali yake fita, baitulmali kuwa harajin talaka ne da jangalin makiyayi. Wanda ya tambayi ma'aunin albashi, a fakaice yana tambayar inda kuɗinsa ke tafiya ne. Hukuma ta yarda masani ya zo ya yi bayanin sauro da tsaftar rijiya, amma ba ta shirya a buɗe littafin kuɗi ba. Matasan ba su watse ba, sun ci gaba da haɗuwa a ƙarƙashin Bauchi General Improvement Union, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

Wannan al'ada ta gayyato masani ya yi jawabi ga 'yan ƙungiya tana da dogon tarihi a wasu ƙasashe. Kulob ɗin Rotary, wanda aka kafa a Chicago ta Amurka a 1905, ya shahara da haɗuwa a kan abincin rana ana sauraron baƙo mai jawabi, kuma reshensa na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Bambancin shi ne irin wannan kulob na masu hali ne da manyan ma'aikata. Aminu ya ɗauki tsarin ya fitar da shi daga ɗaki zuwa bakin kasuwa.

Kafin nan ya tafi Landan a 1946 ƙaro ilimin koyarwa, inda ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, aka kuma tura shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati. A watan Agustan shekarar ne wasu matasa suka kafa NEPU a Kano, ya shiga, ya zama shugabanta a 1953.

Taron NEPU lacca ce kafin ya zama kamfe. Ana bayyana wa manomi abin da doka ta ce a kan haraji da aikin tilas, da cewa yana da ikon neman rasit, da cewa hukuncin alƙali ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. An biya farashi mai tsada. An ɗaure magoya baya, an yi wa wasu bulala, mata irin su Gambo Sawaba sun sha kurkuku ba sau ɗaya ba. A akwatin zaɓe ma ba a cika samun riba ba. Malam ya sha kaye a hannun Maitama Sule a 1954, ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai a 1959, ya rasa ta a 1964.

A zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971. A waɗannan shekarun ne Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwanta ya bi magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Noman rani na zamani ya zo da nasa masanan: injiniyoyin ruwa, malaman gona, masu bincike na tashar Kadawa da ke ƙarƙashin cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya kuma jami'an Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi aikin. A yau manoman shinkafa da alkama da tumatir na wannan yanki suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma baƙi masana na zuwa yi musu bayani a kan iri da taki da tsutsar tumatir. Amfanin wannan a bayyane yake. Amma tambayoyin da suka fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya dangin ta Bauchi ne: ina kuɗin ruwa ke shiga, wa ke da alhakin yashe magudanar da kacalla ta toshe, kuma me ya sa mai gona a ƙarshen layi ke samun ruwa bayan kowa ya ƙoshi.

Amsa mafi girma da Malam ya samu ga tsohuwar tambayarsa ta zo ne a 1979. Jam'iyyarsa ta PRP ba ta kai shi fadar shugaban ƙasa ba, amma ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, da na Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnatocin biyu suka soke haraji da jangali. Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, gwamnonin suka raba gari da shi. Masu sukarsa na cewa mutumin da ya koya wa matasa tambayar manya bai ji daɗi ba da tambayar ta juyo kansa. Magoya bayansa na cewa almajirai ne suka ɗanɗana mulki suka manta malami. Har yau in aka taɓo zancen a majalisun Kano sai murya ta tashi.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen da ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa. An binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma a zaurenta ake gudanar da laccar tunawa da shi duk shekara.