Tarihin Marigayi Abdul Hafeez Kardar, Kyaftin na Farko na Ƙungiyar Kurket ta Pakistan

 Manyanmu a wannan ƙungiya za su tuna cewa a shekarun 1970 da 1980 makarantun sakandare da asibitocin Arewa sun samu malamai da likitoci da yawa daga ƙasar Pakistan, kuma duk wanda ya zauna da mutanen wannan ƙasa ya san irin son da suke yi wa wasan kurket. Wannan tarihi na mutumin da ya kafa musu harsashin wasan ne, wato marigayi Abdul Hafeez Kardar. Ɗan makaranta ne da ya yi ilimi mai zurfi, ya riƙe shugabanci a filin wasa da kuma ofis, kuma halin da ya ɗaukaka shi, wato tsanani da ƙin raini, shi ne dai ya raba shi da kujerarsa daga ƙarshe.

Yadda wasan yake

Saboda waɗanda ba su saba da kurket ba, ga bayaninsa a taƙaice. Ƙungiyoyi biyu ke karawa, kowace da mutum 11. Ana kafa sanduna uku a kowane gefe na tsakiyar fili. Mai jifa yana jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da sandunan, mai duka kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako yana karewa yana bugawa. Idan ya buga ƙwallon ta yi nisa, shi da abokinsa sai su yi gudu tsakanin gefunan biyu, kowane zuwa maki ɗaya ne. Idan aka kayar da sandunansa, ko aka cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa, to ya fita. Da zarar mutum 10 sun fita sai a yi musanya. Babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa ana kiransa Tes, kowace ƙungiya tana yin duka zagaye biyu, yawanci cikin kwana biyar, kuma in lokaci ya ƙare ba a kammala ba, an yi canjaras ke nan.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abdul Hafeez a birnin Lahor na lardin Punjab ranar 17 ga Janairu, 1925, lokacin Indiya da Pakistan ƙasa ɗaya ce ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya yi karatu a Kwalejin Islamiyya ta Lahor, makarantar da ta yi suna wajen yaye 'yan kurket, domin daga cikinta ne Fazal Mahmood da wasu da dama daga cikin 'yan wasan farko na Pakistan suka fito. Bahago ne, da hagu yake duka da hagu yake jifa, kuma tun yana ɗalibi aka san shi da ƙarfin hali wajen tunkarar mai jifa.

A 1946, yana da shekara 21, aka zaɓe shi cikin ƙungiyar Indiya da ta ziyarci Ingila, inda ya buga wasannin Tes guda uku. Da aka gama ziyarar sai ya tsaya neman ilimi. Ya shiga Jami'ar Oxford ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki, ya buga wa jami'ar wasa daga 1947 zuwa 1949, ya kuma buga wa ƙungiyar gundumar Warwickshire. A wannan lokacin ne ya ƙara sunan zuriyarsu, Kardar, a kan sunansa. Zaman Ingila ya sa ya san Turawa ciki da waje: ya ci abinci da su, ya yi muhawara da su a aji, ya ga inda suke da ƙarfi da inda suke da rauni. Wannan ya cire masa tsoronsu har ƙarshen rayuwarsa.

Sabuwar ƙasa, sabuwar ƙungiya

Yana can Ingila aka raba ƙasarsu biyu a watan Agusta na 1947. Miliyoyin mutane suka yi ƙaura, aka yi asarar rayuka masu yawa, musamman a lardinsu na Punjab. Manyan filayen wasa da hukumar kurket da gurbin da ake da shi a majalisar kurket ta duniya duk suka zauna a ɓangaren Indiya. Pakistan ta tashi da filaye kaɗan, yawancinsu ba su da ciyawar da ta dace, sai dai a shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiya a yi wasa a kanta.

A 1951 aka ba Kardar shugabancin ƙungiyar, ya gaji Mian Mohammad Saeed. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar MCC ta Ingila ta zo ziyara, Pakistan kuwa ta doke ta a Karachi, Kardar na cikin fili da sandarsa har aka cike makin ƙarshe. Wannan nasara ce ta buɗe ƙofa, domin ranar 28 ga Yuli, 1952, majalisar kurket ta duniya ta amince Pakistan ta fara buga wasannin Tes, kuma Indiya ce ta gabatar da buƙatar.

Wasan farko an yi shi a Delhi a watan Oktoba na 1952, Indiya ta lallasa su. Ba a yi mako biyu ba suka rama a birnin Lucknow, inda Nazar Mohammad ya ci maki 124 ba a fitar da shi ba, Fazal Mahmood kuma ya fitar da mutum 12, har Pakistan ta ci wasan ba tare da ta shiga zagayen duka na biyu ba. Indiya ce ta lashe jerin wasannin da ci 2 da 1, amma an ga alama. Kardar na cikin mutum uku kacal da suka taɓa buga wa Indiya da Pakistan wasan Tes. Sauran biyun su ne Gul Mohammad da Amir Elahi.

Nasarar Oval

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ya faru a 1954, lokacin da ya kai ƙungiyarsa Ingila. Damina ta yi ƙarfi a wannan shekara, ruwa ya ɓata wasa biyu, a Nottingham kuma Ingila ta yi musu kaca-kaca, Denis Compton shi kaɗai ya ci maki 278. Jaridun ƙasar suka ɗauka cewa baƙin ba su kai matsayin Tes ba.

Wasan ƙarshe aka yi shi a filin Oval na Landan a watan Agusta. Pakistan ta ci 133 a zagayen farko, Kardar ne ya fi kowa da maki 36, Ingila ta ci 130. A zagaye na biyu Pakistan ta ci 164, saboda haka Ingila na bukatar 168 kawai. Har ta kai 109 mutum biyu kaɗai suka fita, kowa ya ɗauka an gama. Kardar bai sassauta ba, ya ci gaba da ba Fazal Mahmood ƙwallo, masu dukan Ingila suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya har aka gama da su a kan 143. Pakistan ta ci da ratar maki 24. Fazal ya fitar da mutum 12 a wasan, Imtiaz Ahmed da ke tsaron bayan sanduna ya cafe bakwai daga cikinsu. Babu wata ƙasa kafin su da ta taɓa cin wasan Tes a jerin wasanninta na farko a Ingila, ga shi kuwa ƙasar shekararta bakwai kacal da kafuwa.

Sauran shekarunsa a fili

A 1955 suka doke Niyuzilan. A watan Oktoba na 1956 suka doke Ostireliya a kan tabarmar Karachi, inda Fazal ya fitar da mutum 13, Khan Mohammad ya fitar da sauran bakwai, Kardar kuma ya ci maki 69.

A farkon wannan shekarar ta 1956 an yi wani abu a Peshawar da ya nuna halinsa. Wasu 'yan wasan MCC da ke ziyara, waɗanda ba su ji daɗin hukuncin alƙalin wasa Idris Baig ba, suka kama shi da dare suka sheƙa masa ruwa, suka ce wasa ne. Kardar bai ɗauki abin a matsayin wasa ba, ya ɗauke shi a matsayin cin mutuncin ƙasa, ya kuma tsaya kai da fata har maganar ta kai ga shugabannin MCC a Landan suka ba da haƙuri.

Ziyararsa ta ƙarshe ita ce ta tsibiran Wes Indis a 1958. A Bridgetown an bar Pakistan a baya da maki 473, sai Hanif Mohammad ya tsaya da sanda minti 970, wato fiye da awa 16, ya ci 337 ya ceci wasan. A Kingston matashi Garfield Sobers ya ci 365 ba a fitar da shi ba, masu jifan Pakistan suka ji rauni, Kardar ya yi ta jifa da karyayyen yatsa don kada ƙungiya ta rasa mai yi. Sun sha kashi a jerin wasannin da ci 3 da 1, amma su suka ci na ƙarshe a Port of Spain. Daga nan ya ajiye sanda yana da shekara 33.

Ya shugabanci Pakistan a wasannin Tes 23 na farko: nasara 6, rashin nasara 6, canjaras 11, kuma duk ƙasar da suka kara da ita sun doke ta aƙalla sau ɗaya. Makinsa na ƙashin kansa bai kai na Hanif ba, jifansa bai kai na Fazal ba. A wasannin Tes 26 ya ci maki 927 ya fitar da mutum 21. Gudummawarsa ita ce tarbiyya da tsari. Ya ɗauki yara matasa, wasu ko jirgin ruwa ba su taɓa shiga ba, ya koya musu kiyaye lokaci da tsabtar sutura da tsayawa gaban kowa ba tare da sunkuyar da kai ba. Suna jin tsoronsa kamar yadda muke jin tsoron shugaban makaranta mai zafi, kuma ba a musu da shi.

Siyasa da shugabancin hukuma

A 1970 aka zaɓe shi ɗan majalisar lardin Punjab a jam'iyyar Zulfikar Ali Bhutto, ya kuma riƙe muƙamin minista a gwamnatin lardin. Daga 1972 zuwa 1977 shi ne shugaban hukumar kurket ta ƙasa. A zamaninsa hedkwatar hukumar ta zauna a babban filin wasa na Lahor. Ya lura cewa yaro mai hazaƙa daga gidan talaka ba zai daɗe a wasa ba in ba shi da abin ci, sai ya jawo bankuna da manyan kamfanoni su ɗauki 'yan wasa aiki da albashi su kafa ƙungiyoyinsu. Wannan tsari ya ɗore fiye da shekara 40, ya kuma ciyar da gidaje masu yawa.

A majalisar duniya ya ƙalubalanci ikon da Ingila da Ostireliya ke da shi na hawa kujerar na-ƙi. Ya nemi a riƙa kawo alƙalan wasa daga ƙasar da ba ta cikin karawa, ya kuma goyi bayan a ba Siri Lanka matsayin Tes. A lokacin an ɗauke shi mai neman fitina. Amma Siri Lanka ta samu matsayin a 1981, an soke kujerar na-ƙi a 1993, daga 1994 aka wajabta alƙali ɗaya ɗan ba-ruwanmu, daga 2002 kuma aka mai da su biyu.

Rikicin albashi

A 1976, lokacin ziyarar Niyuzilan, manyan 'yan wasa, ciki har da kyaftin Mushtaq Mohammad da Asif Iqbal da Majid Khan da matashi Imran Khan, suka nemi ƙarin kuɗi. Yawancinsu suna wasa a Ingila, sun ga abin da ake biyan takwarorinsu. Kardar ya tashi a zamanin da ake buga wa ƙasa wasa don daraja, saboda haka ya ɗauki buƙatar a matsayin rashin kishi. Ya soke su a bainar jama'a cewa kuɗi suke bi, ya cire su daga tawagar da za ta Ostireliya. Gwamnatin tarayya ta sa baki ta hannun minista Abdul Hafeez Pirzada, aka mayar da 'yan wasan, aka biya musu buƙata. Waɗannan da ya kora su ne suka ci Ostireliya a Sydney a Janairun 1977, nasarar Pakistan ta farko a ƙasar, Imran Khan ya fitar da mutum 12. A cikin shekarar Kardar ya bar kujerarsa. Abin mamaki, mutumin da ya samar wa 'yan wasa albashin banki shi ne ya kasa zama da su ya saurari kukansu.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan haka ya ci gaba da rubuce-rubuce, domin ya wallafa littattafai da dama a kan kurket da al'amuran ƙasarsa, daga bisani kuma ya zama jakadan Pakistan a Siwizalan. Allah ya ja kwanansa ya ga ƙasarsa ta ɗauki kofin duniya a 1992 ƙarƙashin Imran Khan. Ranar 17 ga Maris, 1996, Siri Lanka da ya yi wa fafutuka ta ɗauki kofin duniya a filin wasa na Lahor, garinsu. Mako biyar bayan haka, ranar 21 ga Afrilu, 1996, ya rasu yana da shekara 71.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu yau suna riƙe da ofisoshi da makarantu da ma'aikatu, akwai mutane a ƙarƙashinmu. Kardar ya tarar da ƙungiya ba fili ba kuɗi, ya gina ta da horo da ilimi da ƙin raini, kuma a wannan ya cancanci koyi. Amma da yaran gidan suka girma suka zo da buƙata, ya amsa musu da zafin da ya saba amsa wa baƙo mai raini, kuma wannan ya ci masa kujera. Hausawa na cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Allah ya jiƙan Abdul Hafeez Kardar, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.