Edogawa Ranpo: mai tallan taliya da ya hana Japanawa barci

Idan a Turba ko Isa ko Sabon Birni ka tashi, ba sai wani ya koya maka tsoro ba. Ƙarar babura da tsakar dare ta ishe ka. To me zai sa ka ƙona data a kan labaran ban tsoro na wani Bajapane da ya mutu tun 1965? Bari ka ji ko wane ne shi tukuna.

Sunansa na yanka Hirai Taro, an haife shi a garin Nabari a 1894. Ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Waseda, ya gama a 1916, sai kuma buge-buge: yau aikin jarida, gobe shagon tsofaffin littattafai, har taliya ya sayar a bakin titi. Kai da ke riƙe da kwali kana cajin waya a kasuwa, ka san zancen.

A 1923 mujallar Shin Seinen ta buga labarinsa na farko. Sunan alƙalaminsa kuwa wasa ne da sunan marubucin Amurka Edgar Allan Poe. Faɗe shi da sauri, za ka ji.

Mun saba da dodo da mayu da aljanu. Shi Ranpo, a fitattun labaransa, mutum ne abin tsoron. Ɗauki labarin Kujerar Mutum na 1925. Wata marubuciya ta samu wasiƙa daga wani maƙerin kujeru. Ya ce ya ƙera ƙatuwar kujera ya bar wa kansa maɓoya a ciki, da niyyar sata a otal. Sai ya kamu da son jin ɗumin jikin masu zama a kansa. Aka sayar da kujerar, ta koma wani gida, ya shafe kimanin wata guda a ƙarƙashin matar gidan. Tana cikin karatu ta gane wace kujera ake nufi. Ba jini, ba gawa, amma wallahi sai ka waiwayi abin da kake zaune a kai. Ƙarshen ba zan faɗa maka ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Tsutsa, na 1929. Soja ya dawo daga yaƙi ba hannu ba ƙafa, ba ya ji, ba ya magana. Jama'a na yabon matarsa da haƙuri, alhali a ɗaka tausayinta ya rikiɗe ya zama mugunta. Duk wanda ya ga yadda jinya mai tsawo ke cinye mutanen gida bayan 'yan dubiya sun watse, ba zai ce ƙarya aka shirya ba. A 1939, Japan na tsakiyar yaƙi da Sin, hukuma ta haramta labarin. Hoton sojan da ta fi so a gani daban ne.

Bayan yaƙi bai koma irin wannan rubutu sosai ba. Ya fi karkata ga labaran bincike na yara da tallafa wa sababbin marubuta. Ya kafa ƙungiyar marubuta labaran bincike a 1947, kuma tun 1955 ake ba da kyauta da sunansa. Ya mutu ranar 28 ga Yuli, 1965.

In kana kallon katun ɗin Detective Conan, yaron nan mai tabarau, Conan Edogawa, daga wurinsa ya aro rabin sunansa.