Alfred Russel Wallace: Safiyon Da Ya Gano Iyakar Dabbobin Nahiyoyi Biyu

A ranar 6 ga Agustan 1852 wani jirgin ruwa mai suna Helen ya kama da wuta a tsakiyar Tekun Atlantika, makonni kaɗan bayan tasowarsa daga Birazil zuwa Ingila. Cikin mutanen da suka tsira a ƙananan kwale-kwale akwai wani saurayi ɗan shekara 29, wanda zazzaɓi ya riga ya ramar da shi. Yana ji yana gani wuta ta cinye akasarin abin da ya tara a shekara huɗu cikin dajin Amazon: fatun tsuntsaye, ƙwari, littattafan da yake rubuta bayanai, har da birai da akun da ya ɗauko da ransu. Abin da ya fita da shi bai wuce agogonsa da wani ƙaramin akwatin kwano mai ɗauke da zanen kifaye da na itatuwan kwakwa ba. Kwana goma suka yi a kan ruwa kafin wani jirgi ya tsince su. Sunan saurayin Alfred Russel Wallace.

An haife shi ranar 8 ga Janairun 1823 kusa da garin Usk a yankin Wales na Birtaniya. Gidansu na masu ilimi ne, amma abin hannun mahaifinsa ya ƙare, don haka ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya bi yayansa William aikin safiyo. Yawon awon gonaki da hanyoyi shi ne makarantarsa ta gaskiya. Ya sayi wani ɗan littafi mai arha a kan tsirrai, ya riƙa tsinko ganyen da bai sani ba a gefen hanya yana gwada shi da bayanin littafin, har ya iya rarrabe dangin tsirrai da ido. A 1844 ya samu aikin koyarwa a birnin Leicester, inda ya haɗu da Henry Walter Bates, wani matashi mai tara ƙwari. Bates ya nuna masa ɗaruruwan irin ƙwaro da ya kama a kewayen garin kaɗai, abin da ya sa Wallace ya fara tambayar kansa dalilin wannan yawa da bambanci.

A 1848 su biyun suka shiga jirgi zuwa Birazil. Ba gwamnati ce ta aike su ba, ba su kuma da uban gida. Shirinsu shi ne su riƙa aiko da tsuntsaye da ƙwari Landan, wani dillali mai suna Samuel Stevens yana sayar wa gidajen tarihi da attajirai, su kuwa suna ci da kuɗin. Wallace ya bi Kogin Rio Negro zuwa wuraren da Turawa kaɗan ne suka taɓa takawa. A nan ya koyi ɗabi'ar da ta bambanta shi da sauran masu tara kaya. Duk abin da ya kama sai ya rubuta ainihin inda ya same shi, har da gaɓar kogin da yake. Mafarautan yankin ne suka fara ankarar da shi cewa akwai irin birin da ake samu a wannan gaɓa amma ba a ganinsa a waccan, kuma da ya bincika sai ya tarar haka abin yake. Itatuwan kwakwa ma a wurin mutanen ƙasar ya koye su: sunan kowane iri, wanda ake jinka da ganyensa, wanda ake igiya da zarensa, da wanda ake bututun harba kibiya da shi.

Tafiyar ta ci masa abubuwa da yawa. Ƙaninsa Herbert, wanda ya biyo shi, ya rasu da zazzaɓin shawara a 1851, sannan gobarar jirgi ta biyo baya. Abin da ya cece shi daga tsiya shi ne Stevens ya yi wa kayan inshorar fam 200. Da wannan kuɗi da zanen da suka tsira ya fitar da ɗan littafi a kan itatuwan kwakwar Amazon da amfaninsu a 1853. Da wani ne, da daga nan ya koma aikin safiyo ya huta. Shi kuwa a 1854 sai ga shi a Singafo, ya fara tafiyar shekara takwas a tsibiran da a yau suke cikin Indonesiya da Malesiya.

A Sarawak da ke tsibirin Borneo ya yi nazarin goggon birin da ake kira orangutan, har ya reni wani jaririnsa na wasu watanni kafin ya mutu. A can ne kuma a 1855 ya ɗauki wani yaro Bamalaye mai suna Ali a matsayin kuku da hadimi. Ba a jima ba Ali ya zama babban maharbinsa kuma ƙwararre wajen feɗe tsuntsu a adana fatarsa, shi ne kuma ya riƙa jinyarsa idan zazzaɓi ya kwantar da shi. Tsuntsaye masu yawa da suka ɗaga sunan Wallace a Turai, bindigar Ali ce ta kawo su. Har da wani sabon irin tsuntsun aljanna da aka samu a tsibirin Bacan a 1858, mai fararen gashi dogaye biyu a kowane fiffike, wanda aka laƙaba wa sunan Wallace.

Babban abin da ya gano ya zo ne ta hanyar jinkirin sufuri. A 1856 yana son zuwa Makassar bai samu jirgin kai tsaye ba, sai ya bi ta tsibirin Bali zuwa Lombok. Ruwan da ke tsakaninsu bai wuce kimanin kilomita 35 ba, daga wannan gaɓa ana hango waccan. A Bali ya ga tsuntsayen da ya saba da su a Asiya, irin su maƙwaƙwafi mai sassaƙar itace. Da ya sauka Lombok sai ya tarar da fararen aku masu zanko da wasu tsuntsaye masu tara tudun ƙasa da ruɓaɓɓen ganye su binne ƙwansu a ciki, dukansu 'yan dangin tsuntsayen Ostareliya. Yanayin tsibiran biyu kusan ɗaya ne, don haka ba zafi ko ruwan sama ne ya raba su ba. Wallace ya danganta abin da zurfin teku. A zamanin da ruwan teku ya ja baya, Bali ta haɗe da Java da babban yankin Asiya ta ƙasa, dabbobi suka ratsa, amma mashigin Lombok mai zurfi ne, bai taɓa ƙafewa ba. Ya ja layi a taswira daga nan zuwa arewa tsakanin Borneo da Sulawesi. Har yau a littattafan kimiyya ana kiransa Layin Wallace.

A Fabrairun 1858, yana kwance da zazzaɓin cizon sauro a tsibiran Maluku, ya tuna littafin Thomas Malthus a kan yawan jama'a da ƙarancin abinci. Ya yi tunanin cewa a kowane irin halitta ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ne ke tsira su bar baya, da haka iri yake sauyawa a tsawon zamani. Ya rubuta wannan a 'yan shafuka ya aika daga Ternate zuwa ga Charles Darwin, bai san Darwin ya yi kusan shekara ashirin yana aiki a kan wannan ra'ayi a ɓoye ba. Aka karanta rubutun su biyun a taron Ƙungiyar Linnean a Landan ranar 1 ga Yulin 1858, Wallace yana can nesa bai ma san an yi ba. Da littafin Darwin ya fito a 1859 suna ya tafi gare shi, Wallace kuwa bai nuna ƙyashi ba, suka ci gaba da mutunci har rasuwar Darwin a 1882.

Ya koma Ingila a 1862 bayan tafiyar kimanin mil 14,000, ya tara samfuri 125,660, dubbai daga cikinsu masana ba su san da su ba a da. Ya taho da tsuntsayen aljanna biyu masu rai don gidan namun dajin Landan, yana farautar kyankyasai a jirgi yana ciyar da su. Da za su rabu da Ali a Singafo, ya ba shi kuɗi da bindigoginsa biyu. Littafinsa The Malay Archipelago ya fito a 1869, wani kuma a kan yadda dabbobi suka rarrabu a duniya ya biyo baya a 1876.

Duk da wannan suna, bai taɓa samun tsayayyen aiki ba. Ya nemi muƙamai, har da na kula da dajin Epping kusa da Landan, aka hana shi. Ya yi asarar jari, ya koma duba takardun jarrabawa don ciyar da matarsa Annie da 'ya'yansu. Wasu ra'ayoyinsa ma sun rage masa daraja a idon masana, musamman imaninsa da masu da'awar magana da ruhohi da adawarsa da tilasta rigakafin agana. Sai a 1881, da Darwin ya sa baki, gwamnati ta yanka masa fanshon fam 200 a shekara. A 1908 aka ba shi lambar Order of Merit, ɗaya daga cikin manyan lambobin girmamawa na Birtaniya.

Ya rasu ranar 7 ga Nuwamban 1913 yana da shekara 90, aka binne shi a Broadstone da ke Dorset, aka kafa kututturen wani tsohon itace da ya zama dutse a kan kabarinsa. Shekara shida kafin haka, a 1907, wani masanin dabbobi Ba'amurke mai suna Thomas Barbour ya je Ternate. A can wani dattijo ya tare shi ya gabatar da kansa da sunan Ali Wallace. Barbour ya ɗauki hotonsa ya aika wa tsohon maigidan nasa a Ingila.